Kwalbar Yara Goma

Duk wanda ya san ni a Zangon Salaga ya san ba ni da haƙurin zama a kan benci. Ko a gidan biki, in aka daɗe ba a fito da abinci ba, ni ce mai tashi in leƙa madafi in ji dalili. Amma shekarar da 'yata ta fari ta cika wata tara, na zauna a bencin asibitin awo har na san inda kowace ƙusa take a jikinsa, da wadda ke kama zane.

Awo muke ce masa, wasu su ce weyin. Ranar awo mata kan kai jarirai wani ɗan ƙaramin asibiti, a zura yaro cikin wandon zane a rataye shi a sikeli yana tsala ihu, nas ta ɗiga alama a katinsa. A bayan katin akwai gidaje-gidaje na alluran rigakafi, duk wadda aka yi sai a cike gidanta da biro. Na ɗan yi boko kafin aure, don haka ni nake karanta nawa, har da na maƙwabta. Gidajen 'yata duk sun cika, saura ɗaya a can ƙasa, na ƙyanda, wadda ba a yi sai yaro ya kai wata tara.

Wannan gida ɗaya shi ya hana ni sukuni. Ƙyanda ta ɗauki ƙannena biyu a bazara ɗaya ina yarinya, na ga yadda aka fita da su, na kuma ga abin da uwata ta zama bayan haka. Tsofaffin unguwarmu ko sunan ciwon ba sa kamawa, sai su ce baƙo ya sauka a gidan wane. Ni kuwa ina kama sunansa, kuma tsoronsa nake ji ƙwarai.

Lokacin ne gwamnati ta shiga abin da rediyo ke kira gyaran tattalin arziki. Mu dai abin da muka gani na gyaran shi ne asibitin da muka taso ana shiga hannu rabbana ya koma sai ka biya kati, ka biya magani, ka biya audugar da za a goge maka ciwo. Amma an yi ta nanatawa cewa ba a taɓa yara ba, rigakafinsu kyauta ne kamar da. Da wannan magana na goya yarinyata na tafi, ranar da ta cika wata tara da kwana biyu.

Nas ɗin wata 'yar kudu ce, mai jiki, ba ta rabuwa da lema ko ba rana. Ta daɗe a Salaga har ta iya Hausar kasuwa, irin wadda mace da namiji duk ɗaya ne a cikinta. Ta auna yarinyar, ta yaba ƙibarta, ta duba katin. Sai ta leƙa benci ta tambaya ko akwai wasu masu jiran allurar ƙyanda. Mata biyu suka ɗaga hannu.

"Yaro uku," in ji ta. "Mma, ba na iya buɗe kwalba don yaro uku."

Na ce wace kwalba kuma. Ta shiga ciki ta fito da ita a tafin hannunta, 'yar mitsitsiya, ba ta kai babban yatsana ba, da ɗan farin gari a gindinta. Ta yi mini bayani da haƙuri. Garin nan in an zuba masa ruwansa, na yara goma ne. Da zarar an haɗa, in ya wuce 'yan sa'o'i ya mutu, sai zubarwa. A da, ta ce, ko yara biyu suka zo buɗewa take yi ta zubar da sauran, ba mai tambaya. Yanzu oda ta zo daga sama: kwalaben da ake aiko mata an rage su, kuma ƙarshen wata sai ta nuna yara nawa kowace kwalba ta yi wa. In ta yi ɓarna, waɗanda za su zo a baya ba za su samu ba.

"Ka samo mini yaro takwas," ta ce da ni. "Ko bai cika goma ba, takwas zan buɗe. Ka zo Talata na sama."

Ban ga wata wahala a maganar ba. Zango cike yake da jarirai, ko ina ka juya kuka kake ji. Tun a hanyar komawa gida na fara lissafin waɗanda aka yi sunansu kusa da na 'yata.

Ashe haɗa mata takwas a wuri ɗaya, rana ɗaya, ba don biki ba, aiki ne ja. Na bi gida-gida da goyona. Matanmu ba sa riƙe watan boko, sai in tambaya: kafin ƙaramar Salla kika haihu ko bayanta? An fara cin sabuwar doya ko ba a fara ba? In abin ya rikice sai in ɗaga leɓen yaro in duba haƙora. Wata ta ce mijinta ya kai shanu Kumasi, ba za ta fita da ɗansa a huda shi ba sai ya dawo ya ba da izini. Wata ta kwance zane ta nuna mini cinyar ɗanta, ta ce allurar baya kumburi ta yi masa har kwana huɗu ba su yi barci ba. Mai sayar da wake da shinkafa a bakin tasha ta ce ita ba ta ƙi ba, amma wa zai tsaya mata a kan tukunya? Na ce ƙanwar mijina za ta tsaya, ban ko shawarce ta ba. Har kasuwar doya na je, na sa wata tsohuwa 'yar Gwanja ta yi mini tafinta da matan ƙauye, na yi musu alkawarin koko da ƙosai in sun zo. Kafin mako ya zagayo yaran unguwa sun raɗa mini Hajiyar Allura, ni da ko Tamale ban taɓa wucewa ba.

Talatar farko mu biyar muka hallara. Ta biyu shida, don aikin girbi ya tsare matan ƙauye. Ta uku na tashi tun da sassafe na bi su ɗaya bayan ɗaya kamar mai kora awaki, na tsaya a ƙofar kowace har ta goya. Mu tara muka shiga asibitin nan. Ina gaba, ina jin kaina.

Nas ɗin tana zaune a baranda, lemarta a kan cinya. Da ta gan mu ba ta tashi ba. Ta ƙirga mu da ido, sannan ta kau da kai.

"Firij ya mutu," ta ce.

Firijin nasu na kananzir ne, da lagwani a ƙasansa kamar fitila. Kuɗin kananzir bai zo ba wata biyu, ita take saye daga aljihunta. Ta tafi jana'iza garinsu ranar Juma'a, ta dawo ta tarar ya ƙare, lagwanin ya mutu, cikin firijin ya yi ɗumi. Na ce ina da kananzir rabin galan a gida, yanzu in aika a kawo. Ta ce ko tanki na kawo ba zai ta da maganin da zafi ya kashe ba. Na ce to ta aika babban asibiti a kawo wata kwalbar, ni zan biya, ta goman duka, in ya so a yi wa tawa a zubar da sauran a kwata. Ina da kuɗin a lokacin, na adashe, a ƙulle a bakin zanena.

"Ba a sayar da shi, Mma. Na kyauta ne. In na karɓi kuɗinka, aikina ya tafi."

Wannan amsa ita ta tunzura ni. Duk abin da ke asibitin nan an sa masa farashi, har takardar da ake naɗe ƙwaya, sai abu ɗayan da na zo nema da kuɗina a hannu shi ne ba na sayarwa ba. Na wanke matar nan tas a gaban jama'a. Na ce da ɗan cikinta ne da ta san inda kananzir yake. Na faɗi abin da ya fi haka ma, wanda ba zan rubuta ba. Ita kuwa sai juya lemar take yi a hannunta. Har yau ina jin kunyar wannan rana, don daga baya na gane a duk jerin mutanen da suka taɓa maganar kwalbar nan, daga Akra har Salaga, ita kaɗai ce ta sa kuɗinta a ciki, kuma ita kaɗai bakina ya iya kaiwa gare ta.

Matan suka watse suna guna-guni. Mai wake da shinkafa ta tarar ƙanwar mijina ta ƙona mata gindin tukunya, sai da muka yi wata ba ta amsa gaisuwata. Da na sake zagayawa bayan an ce sabon magani ya zo, ba wadda ta bi ni.

Maigidana fatauci yake yi da lorin yayansa, yana bin kaka: doya a Salaga, dawa da masara a Yendi, albasa a Bawku inda uwarsa take. Mutum ne mai sanyi, irin wanda in kana faɗa yake duba farcensa. Da na dame shi da maganar sai ya ce, "Ke dai kin fiye gaggawa. Allah ne mai tsarewa. Ga shi za mu Yendi, can gari ne babba, rana ɗaya za a yi mata." Na ce Allah ne mai tsarewa, amma shi da kansa ba ya barin lori ta tashi sai ya duba taya. Ya yi dariya ya fita.

Yarinyar tana wata goma sha ɗaya muka sauka a Yendi, muka kama ɗaki a gidan wata dattijuwa Badagomba. Ko kayan ban gama kwancewa ba na nemi wurin awo. Nas ɗin can matashiya ce, 'yar gari, Hausarta ta fi ta wasu 'yan Zango. Ta karɓi katin Salaga ba gardama, ta duba, sai ta dafe goshi.

"Ayya, yaya, da jiya kika zo. Jiya muka buɗe, yara takwas. Na biyu da suka rage da hannuna na zubar."

 Jiyan nan muna hanya, lori ta tsaya wajen awa uku a wani ƙauye ana cinikin buhu huɗu na masara. Na tambaye ta a ina ta zubar. Ta dube ni kamar ba ta ji daidai ba, ta nuna mini wani rami a bayan ginin. Ban je na duba ba, amma na so in je.

Ta ce in dawo bayan mako biyu. A Yendi ban san kowa ba, Dagbancina bai wuce gaisuwa da cinikin barkono ba, don haka babu zancen bi gida-gida. Na dai je da wuri ranar, da tabarmata da kokon yarinya a kwano, na zauna ina ƙirga duk mai shigowa. Yawancinsu awo kawai ya kawo su, ko alluran farko. Masu jiran ta ƙyanda, da hantsi mu biyar ne. Can suka zama shida. Rana ta kusa tsaka wata ta shigo tana haki, muka zama bakwai. Saura ɗaya.

Na kasa zama. Na fita na zagaya ɗaya barandar, inda marasa lafiya ke jiran a duba su. A can ƙarshe na hango wata 'yar ƙauye, yarinya ɗanya, da ɗa namiji a baya wanda bai wuce sa'an tawa ba. Na gaishe ta da ɗan Dagbancina, na nuna katin da ke hannunta, ta miƙo mini. Gidan ƙyanda babu komai. Wallahi a lokacin ji na yi kamar an yi mini bushara. Yaron yana ɗan tari, hanci na zuba, idonsa ya yi ja yana ƙyafƙyaftawa. Na ce a raina mura ce, wane yaro ne ba ya mura.

Da hannu da ka na yi mata bayani, na kama hannunta na ja ta zuwa wajenmu. Ba ta so barin layinta ba, ni na matsa. Na shimfiɗa mata gefen tabarmata, na sa ta sauke yaron kusa da 'yata. Ya ƙi nono, sai na ba shi koko da cokalin yarinyata, ya sha biyu ya kau da kai, na ci gaba da ba tawa. Ita kuma sarkin son mutane, ta rarrafa ta hau kansa tana taɓa masa fuska. Mun fi awa ɗaya a haka, don nas ɗin tana gama masu awo.

Da ta fito na ce mata mun cika takwas. Ta bi mu ɗaya-ɗaya tana karɓar kati. Da ta zo kan yaron ta ɗora bayan hannunta a wuyansa, ta yi wa uwar tambayoyi da Dagbanci, ta girgiza kai.

"Wannan jikinsa da zafi sosai. Sai likita ya gan shi tukuna, ba yau ba."

Uwar ta goya abinta ta koma layinta, wanda ya riga ya wuce ta. Muka koma bakwai. Kafin in buɗe baki, ɗaya daga cikinmu ta ce miji na jiran abinci a gona, ta saɓa ɗanta ta tafi. Nas ɗin ta dubi agogo, ta dubi ƙofar ɗakin da firij yake, ta dube mu mu shida. Na ga tana so. Ta ce kwalba biyu suka rage mata har ƙarshen wata mai zuwa, ga ƙauyukan da ba a je ba don babur ba shi da mai. Ta ce in yi haƙuri. Wannan karon ban yi faɗa ba, ƙarfin faɗan ma babu. Na naɗe tabarmata na ɗauraye cokalin a bakin famfo.

Kwana huɗu bayan haka maigidana ya ce albasa ta fara fitowa, mu tashi. Muka bi hanyar Garu a saman buhunan dawa, zafin bazara ya fara, na lulluɓe yarinyar da mayafina. Uwar mijina ta tarbe mu a Bawku da murna, ta karɓe jikarta tana juya ta tana cewa an ramar mata da kishiya. Washegari na tambayi wurin awo. Matan gidan suka ce ai nan ba a jiran kowa, mutane sun yi yawa, har daga Togo da Burkina ake kawo yara, duk Talata sai an buɗe kwalba biyu ko uku. Ranar Laraba ce. Na lissafa saura kwana shida, kuma karon farko cikin wata uku na ci tuwo na ji daɗinsa.

Ranar Asabar jikinta ya yi ɗumi. Na ce haƙori ne. Lahadi hanci ya fara zuba, ta fara tari, na ce ƙurar hanya ce. Litinin ta ƙi nono, tana kau da fuska daga hasken ƙofa, idanun sun yi ja. Na san inda na taɓa ganin idanun nan. Na sha jinin jikina, amma ban gaya wa kowa ba, har kaina ban yarda na gaya wa ba.

Talata na goya ta na tafi. Gaskiyar matan gidan ne, wurin cike yake, layi har waje. Da aka zo kaina nas ɗin, wata dattijuwa mai tabarau, ita ma 'yar kudu mai Hausar kasuwa, ta taɓa ta, ta matsa kumatunta ta leƙa cikin bakin. Ta kira ni in gani: 'yan ɗigo farare a cikin kuncin, kamar an barbaɗa gishiri.

"Ya riga ya shiga," ta ce. "Allura ba ya yin komai yanzu. Ka fita da shi daga cikin yara, Mma, maza."

Na koma gefe, can nesa da layin, na tsaya a gindin wata bishiya. Daga nan ina hango teburinta ta taga. Ta ɗauko kwalbar, ta zuba mata ruwanta, ta girgiza, ta fara yi wa yaran mutane ɗaya bayan ɗaya. Na tsaya har ta ƙare ta buɗe wata. Ban san me ya tsayar da ni ba.

Bayan kwana biyu ƙuraje suka feso, daga bayan kunne suka gangara har tafin ƙafa. Uwar mijina ta karɓi ragamar jinya irin tasu ta da. A rufe ɗaki, kada a yi mata wanka, kada a kama sunan baƙo, kuma kada a kuskura a kai ta inda za a yi mata allura, don baƙo ba ya shiri da ƙarfe. Maigidana yana can gonakin albasa a bakin kogi, sai bayan kwanaki yake leƙowa. Na bi ta kwana uku, don gidanta ne, kuma ni kaina ban san abin da ya fi ba. Rana ta huɗu numfashin yarinyar ya koma sama-sama, haƙarƙarinta na shiga yana fita. Na goya ta na nufi ƙofa.

"Ina za ki da ita a cikin rana?" in ji uwar mijina.

"Asibiti, Inna."

"Na ce ba a kai su."

"An bar ƙannena a ɗaki, Inna. Biyu."

Ta tsaya tana kallona. Na ɗauka za ta tare ƙofar, na kuma riga na yanke cewa ko ta tare zan wuce. Sai ta shiga ɗakinta ta fito da mayafi, ta wuce gabana. A tagar biyan kuɗi, inda ba a taɓa yaro sai an ga takardar biya, ita ta kwance ƙullin zanenta. Da aka ce a sayo ruwan da za a ɗaura da allurarsa da robarsa, ta koma gida ta sa aka ja tunkiyarta kasuwa. Ba ta fasa cewa kuskure muke yi ba, har muka fito.

Ɗakin yara ya cika da masu irin ciwon, biyu-biyu a gado, wasu a tabarma. Na ga an naɗe wasu an fita da su. Kowa a ɗakin maganar ido yake yi, don an san ƙyanda da cin ido. Nas-nas suna cewa a kula da ido, iyaye mata suna leƙa idon 'ya'yan juna. Ni ma idon na tsare. Ina gogewa da auduga da ruwan ɗumi, ina buɗe fatar da yatsa ina dubawa ko wani fari ya fito. Kwana takwas muka yi. Numfashin ya daidaita, ƙurajen suka bushe suna saɓulewa, idanun suka buɗe tar, ba tabo ko ɗaya. Na yi kuka ranar, na godiya.

Mun koma gida da kwana biyu na ga ruwa mai wari yana fitowa daga kunnenta, ya ɓata matashi. Washegari ɗayan ma ya fara. Na mayar da ita, aka rubuta mini magani na ruwa, irin na yara. A wurin ba da magani mutumin ya ce ba su ajiye na ruwan yanzu, tsada gare shi kuma yana lalacewa a kan kanta, tunda aka ce kowane asibiti ya juya kuɗin maganinsa da kansa sai abin da ke tafiya suke sarowa. Akwai na manya, ƙwanso mai launi biyu. Ya tambayi abin da ke hannuna, ya ƙirgo mini daidai nan, ya ce in buɗe kowanne in raba garin gida huɗu. Haka na riƙa yi a kan faranti da tsinken ashana, ina kwaɓawa da ruwan sukari, rabi ya shiga rabi ta tofar. Ban taɓa sanin ko daidai nake rabawa ba. Kafin maganin ya ƙare ruwan kunnen ya tsaya, na ce alhamdu lillahi, ban koma ba.

A kwanakin nan na yi ta tunanin mutanen da suka zauna a wani ofis suka yanke yawan kwalaben da za a aiko arewa. Ba na ce mugaye ne ba. Na tabbata da za ka tambaye su za su rantse ba su taɓa rigakafin yara ba, kuma gaskiya suka faɗa, allurar kyauta ce har gobe. Kananzir suka rage, da man babur, da 'yan kwalaben da a da ake zubar da rabinsu. Ina so in gan su in yi musu irin wankin da na yi wa mai lema, amma ban san sunan ko ɗaya ba, ban san ƙofar da ake bugawa ba. Kuma duk inda tunanin ya zagaya, sai ya dawo kan hannun da ya jawo yaron nan zuwa tabarmata, wanda nawa ne.

Uwar mijina ta sa aka soya masa aka raba wa yaran unguwa sadaka. Yarinyar ta fara mayar da jiki, ta koma rarrafe, har ta fara kama bango tana miƙewa. Ta dai yi shiru fiye da da, ba ta cika rigima ba, in ka ajiye ta a wuri sai ta zauna da abin wasanta. Inna ta ce ciwo ne ya sanyaya ta, zai wuce. Ni ma daɗi na ji, na ce na samu mai haƙurin da ban da shi.

Bayan ciwon ya gama ɗibar yaran gari, sai ga gwamnati ta aiko da mota. Wata safiya ce, ina tsakar gida ina tsince shinkafa a tire, yarinyar tana zaune a bakin zaure, ta ba titi baya, tana wasa da murfin gwangwani. Motar ta shigo layinmu da lasifika biyu a samanta, ana shela da Hausa, a juya Kusasanci, a juya Mosanci: a fito da yara, allurar ƙyanda ta zo, kyauta, ko yaro ɗaya ne a gida za a yi masa. Ta tsaya daidai ƙofarmu. Ƙarar har a ƙirjina nake jin ta. Kaji suka watse, jaririn maƙwabciyarmu ya farka da ihu, yaran gidan suka kwasa a guje suka wuce ta gefenta zuwa waje.

Ita tana nan zaune, tana juya murfin gwangwaninta.

Na kira sunanta daga inda nake. Na ce ƙarar mota ce ta danne muryata. Na jira aka kashe lasifikar, wurin ya yi tsit, na sake kira. Na taso na tsaya a bayanta, taku biyu tsakaninmu, na kira da ƙarfi. Na zubar da shinkafar a ƙasa, na ɗauki ludayi na buga tiren a saitin kunnenta na dama, na buga a na hagu. Sannan na sa yatsa na taɓa kafaɗarta. Ta juyo da sauri, ta gan ni, ta yi dariya ta miƙo mini murfin.

Na sake zagayawa bayanta na buga. Ban san sau nawa na yi ba. Inna ce ta fito daga ɗaki ta riƙe mini hannu, ta zare ludayin.

"Ya isa haka," ta ce. "Ɗauke ta, rana ta zo wurin."